Garin Ɗanwaken Da Na Bi Gida-Gida Na Karɓo

Na san abin da ake faɗa muku a gidan kawunku Sule, Allah Ya jiƙansa. An ce ni na kai ɗan'uwana gaban hukuma, ni na rufe masa sito, ni na sa masa hawan jinin da ya kai shi ƙasa. Ba ku taɓa tambayata ba don kuna da kunya, ni kuma ban taɓa zaunar da ku ba, don duk sanda na ɗauko maganar sai gabana ya faɗi kamar yau abin ya faru. Yanzu gwiwa ta hana ni fita, ido ya fara hazo. Gara in faɗa da bakina tun ina cikin hankalina, kowannenku ya auna da kansa.

Sana'ar garin ɗanwake da kuka tashi kuka gan ni da ita, a siton Yaya Sule ta samo asali. Shi dillalin wake ne a kasuwar Kankia, yana tara kaya yana sayar wa masu lodi zuwa kudu. Su kuwa waɗannan ba sa son fasasshen wake, ba sa son wanda ƙwaro ya huda, don haka kafin a ɗinke buhu sai an tankaɗe. Abin da ya zubo ƙarƙashin rariya a share shi a tara a lungu, masu awaki su ɗiba kaɗan, saura idan ya yi yawa a kwashe a baro a kai juji. Wata rana na je gaishe shi na tarar ana kwasa. Na sa hannu na damƙo, na hure ƙurar, sai ga wake fari tas, laifinsa kawai ya rabe biyu. Na tuna yadda muke durƙusawa a gonar babanmu a Sukuntuni muna roron wake har baya ya ƙage, na ce a raina wannan gumin wani ne ake kaiwa juji. Na roƙi Yaya ya bar mini. Ya yi dariya ya ce in kwashe, na ma rage masa aiki. Na kawo gida na bakace, na tsince tsakuwa, na shanya, na haɗa da alabo da kuka na kai inji. Da na dafa, babanku ya ci ya ƙara, bai san daga inda waken ya fito ba sai da na faɗa masa. Dusar da ta fita kaji da akuya suka cinye. Babu abin da ya koma juji.

Wadda ta mayar da abin sana'a ita ce Maman Ebuka, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi a bakin tasha, wadda ta daɗe a Kankia har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ita ta koya mini liƙe bakin leda da wutar kyandir, ita ta ce in sa 'yar takarda a ciki da sunana, don mai saye ya san hannun da ya yi. Aka rubuta Garin Ɗanwaken Hajo. Malaman makaranta suka saba da shi, matan ma'aikata suka saba, har daga ƙauyukan Kusada ake aikowa. Shekara uku ina yi ban taɓa jin ko ciwon ciki daga wani ba. Ina faɗa muku wannan ne don ku san yadda na saki jiki.

A shekara ta huɗu, da kaka ta kama, Yaya ya share sitonsa don sabon wake ya sami wuri, ya aiko mini da buhu biyu na shara. Makon nan mura ta toshe mini hanci, ko ƙanshin daddawa ba na ji. Na gyara waken yadda na saba, na niƙo, na ƙulla. Na kai wa Maman Ebuka nata, maƙwabta suka saya a gida, sannan wani manomi daga Boko mai suna Ɗanjuma ya zo da kansa ya ɗauki kwano goma, don washegari yana da gayyar girbin dawa, matarsa za ta yi wa ma'aikata ɗanwake. Dusar kuwa na bar ta a ƙwarya a bayan ɗaki, na manta da ita sai da gari ya waye.

Da hantsi na watsa wa kaji ita, na koma wanke-wanke. Ban gama kwanuka ba na ji fuka-fuki na bugun ƙasa. Na waiwaya na ga zakaran yana juyi wuri ɗaya kamar an ɗaure masa ƙafa, yawu na dalala daga bakinsa. Wake-waken kazar nan da nake ji da ita ta kife, ƙafafunta na karkarwa. Kafin in miƙe tsaye biyar sun kwanta. Akuyar da ta sa baki a ƙwaryar ta durƙusa tana kumfa. Na ɗauki ƙwaryar na kai hanci, ban ji komai ba, na ruga da ita zaure inda babanku ke ɗinki. Yana sunsunawa ya kawar da kai.

"Hajo, wannan ai fiya-fiya ce. Ina kika samo ta?"

Fiya-fiya, ruwan maganin ƙwarin nan da ko digonsa ba a so ya taɓa abinci. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasan zaure. Abin da ya fara zuwa mini a ido shi ne tukwane. Tukunyar gidan Malam Audu mai 'ya'ya takwas, tukunyar malamar asibitin da ta sayi leda biyu, da babbar tukunyar Boko, da mutanen da za su taso daga gona da yunwa.

Na ja mayafi na nufi kasuwa ko takalmi ban daidaita ba. Na sami Yaya a ƙofar sito yana auna sabon wake. Da na faɗa masa, sai ya ja ni ciki ya turo ƙyaure, a nan na gane ya san wani abu.

"Jarka ce ta kihe a lungun nan kwanan baya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na sa an baza shi a rana kwana biyu. Rana tana cinye magani, Hajo."

"Yaya, kajina sun mutu. Akuya na can tana shure-shure."

"Kaza ce, mi gare ta? Mutum ba kaza ba ne. Ai sai an tafasa shi, wuta za ta kashe saura. Ki koma gida ki rufe bakinki. In kika ɗaga maganar ga, ni da ke duk mun ƙare a garin nan."

"In wani ya mutu fa?"

"In kwanansa ya ƙare, ke za ki hana?"

Na dube shi. Wannan shi ne ya goya ni a bayansa ya tsallaka da ni rafi ranar da ruwa ya tare mu a gona, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena. Kada ku ɗauka mugu ne. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya kama ni, sai dai nasa ya ce masa ya ɓoye, nawa ya hana ni tsayawa wuri ɗaya. Hannunsa na rawa a kan ƙyauren. Na ce ya buɗe mini, ya buɗe.

A gida babanku ya riga ya rufe keken ɗinki. Shi ma bai ɓoye mini abin da ke ransa ba. Ya ce in na fita na faɗa, sunana ne a cikin kowace leda, ba sunan Sule ba, kuma 'yan sanda za su zo, wataƙila in kwana a hannunsu, ku kuma a riƙa nuna ku a makaranta. Ya ce in na yi shiru, mai yiwuwa ba abin da zai faru. Ya faɗi haka ya yi shiru, ya dubi kajin da ke zube a tsakar gida, ƙudajen da suka sauka a kansu su ma sun fara faɗuwa.

"Malam, ba zan iya ba," na ce. "Ko yau ba a mutu ba, ni na mutu."

"To tashi. Ni zan tahi wurin Liman ya faɗa a lasifika. Ke bi gidajen da kika sani."

Ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi kamar sallamar da na yi a gida na farko ba. Me za ki ce? Na zo karɓar garin da na sayar miki, akwai guba a ciki. Matar Malam Audu ta riga ta kwaɓa nata, ruwa na kan wuta. Da ta ji, sai ta saki muciya ta rungumo ƙaramin ɗanta ta ja da baya, tana kallona kamar na shigo da wuƙa. Ban tsaya ba da haƙuri ba, na juye kwaɓin a buhu na fita. Ina cikin gida na uku na ji lasifikar masallaci ta buɗe, ba lokacin salla ba. Muryar Liman ta ratsa unguwa, yana cewa duk wanda ya sayi garin ɗanwaken Hajo matar Lawal tela kada ya ci, kada ya ba dabba, ya mayar. Sau uku ya maimaita sunana. Mata suka leƙo ta kan katanga. Ina tafe ina jin idanu a bayana, amma ƙafata ba ta tsaya ba.

Maman Ebuka ta ji sanarwar kafin in iso. Na tarar ta sauke ledojin daga kanta ta zuba a kwali, ta rufe shago, ta bi waɗanda suka saya a wurinta da kanta ta karɓo. Ta kama kafaɗuna biyu ta girgiza ni.

"Nawa duka suna nan, Maman Bilki. Kada ki tsaya kuka. Saura ina?"

"Boko. Kwano goma. Yau suke gayya."

"Yesu! Ki tafi yanzu."

Mun kira wayar Ɗanjuma ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Rana ta kusa tsaka, kuma kowa ya san abincin gayya kafin azahar ake kai shi gona. Babanku ya aro babur, na hau baya. A shekarun nan mutane ba sa son barin kwalta su shiga hanyar daji ko da rana, saboda labarin masu ɗauke mutane da ake ji ta ko'ina, kuma dawa ta yi tsawo ta rufe gefe da gefe, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka iso shi. Wallahi ranar ban tuna da su ba sai daga baya. Abin da nake gani kawai shi ne maza zube a kunyar gona kamar kajina. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina dukan bayan babanku ina cewa ya ƙara wuta, shi kuma yashi na kama tayar. Sau ɗaya muka faɗi, gwiwar nan da ke damuna yau a nan na fara jin ta. Na tashi na sake hawa ban ko kakkaɓe zane ba.

Tun daga bakin gari muka hango hayaƙi a gidan Ɗanjuma. Ban yi sallama ba. Na faɗa tsakar gida na tarar da mata sun kewaye tukwane biyu, an tsame kashin farko an zuba a manyan robobi, ana barbaɗa yaji, wata tana naɗa gammo za ta ɗauka. Na yi ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

"Kada a ɗauka! Guba ce! Don Allah kada a ɗauka!"

Suka tsaya cak. Wata tsohuwa, mahaifiyar Ɗanjuma, ta taso tana tambayar wace mahaukaciya ce wannan. Na durƙusa a gabanta na ce ni ce mai garin, na faɗi abin da ya sami kajina. Na tambaya ko an kai gona. Aka ce ba a kai ba. Na tambaya ko wani ya ci. Nan tsakar gidan ya yi tsit, duk suka juya suka dubi wata yarinyar mace da ke zaune a kan turmi. Rabi ce, matar Ɗanjuma, da cikinta ya fito sosai. Ita ta ɗanɗana gishiri, kuma da yake ciki na sa ta kwaɗayi, ta ci 'yan ƙwayoyi da mai.

"Kaɗan na ci, Inna," ta ce da ni. "Ba na jin komai."

Tana rufe baki na ga gumi na tsattsafo mata a goshi. Kafin a kira mijinta daga gona ta fara amai, yawu na zuba, tana cewa idonta na rufewa. Aka sa ta a tsakiyar babur, Ɗanjuma ya riƙe ta ta baya, muka bi su zuwa asibiti a Kusada. Na miƙa wa ma'aikatan ledar garin, na gaya musu sunan maganin da bakina, don kada su ɓata lokacin nema. Suka shiga da ita. Na zauna a dandamalin waje, tsohuwar na gefe guda ba ta dube ni ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba. Can wajen la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce numfashinta ya daidaita, kuma da an ƙara jinkiri ko ta ci da yawa, da labari ya sha bamban. Game da cikin kuwa, ta ce sai dai a jira a gani.

Washegari duba-gari suka zo gidanmu da ɗan sanda ɗaya, suka kwashe garin da aka tattaro, aka haƙa rami a bayan gari aka binne shi tare da kajin da akuyar. Sannan babbansu ya zaunar da ni a zaure ya tambaye ni inda na samo waken. Ga maganar da ake riƙe da ni a kanta har yau, to ku saurara da kyau. Ban kai ƙarar kawunku ba. Tambayata aka yi. Na yi shiru har mutumin ya sake tambaya, ya ƙara da cewa in akwai sauran waken a wani wuri, wasu ma za su iya ɗiba. Na tuna masu awakin da ke zuwa lungun siton, da matan da suka ga sana'ata ta karɓu suka fara roƙon sharar su ma. Na faɗi sunansa. Da suka je, sun sami rabin buhu a ajiye, an riga an yi wa wata mata alkawarinsa.

An rufe siton wata biyu, masu lodi suka koma wurin wasu. Yaya bai sake taka gidanmu ba. Na je gaishe shi da salla, ya sa aka ce ba ya nan, alhali ina ganin takalmansa a ƙofar ɗaki. Shekara shida muka yi a haka. Ranar da ciwo ya kwantar da shi na je, ya bar ni na zauna a bakin gado, na yi masa sannu ya amsa da kai, amma bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Haka muka rabu. Wannan ciwon yana nan, ban kuma sa ran zai warke ba.

Wata huɗu na yi ina jiran haihuwar Rabi. A watannin nan ko babur na ji ya tsaya a ƙofar gida sai hantar cikina ta kaɗa. Na rame har zobe na zamewa daga yatsana. Ba wanda ke sayen ko ƙuli-ƙuli daga hannuna, in na kai abinci gidan biki sai in ga an ture kwanona gefe. Ranar da labari ya zo ta sauka lafiya, ɗiya mace mai ƙoshin lafiya, na shiga ɗaki na yi sujada na daɗe ban ɗago ba. Ba su gayyace ni suna ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Sai bayan shekara biyu na koma sana'a, shi ma Maman Ebuka ce ta matsa. Ta ce wake na nan yana zuba a juji kamar da, kuma mutanen da suka ji sunana a lasifika sun san ni ce matar da ta bi gida-gida. Na koma, amma na daina karɓar sharar sito. Masussuka nake bi a ƙauye lokacin kaka, in sayi fasasshen tun bai ga magani ba, in adana a buhun nan mai leda a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da an zuba komai ba. Kowane niƙa sai kaji sun ci dusarsa sun kwana sun tashi, sannan ni in dafa in ci, kafin leda ɗaya ta fita. Matan da na koya wa aikin, har su tara a yanzu, duk a kan wannan ƙa'ida suke, wadda ta gaji da ita ta kama gabanta.

Akwai abu ɗaya da ko babanku bai sani ba har ya koma ga Allah. Shekarar da Maman Ebuka ta tsufa za ta koma garinsu, na je taya ta ɗaure kaya. Muna cikin naɗe labule ta zauna a kan akwati ta ce tana da maganar da ta daɗe tana cin ta.

"Ranar nan na ce miki nawa duka sun dawo. Ƙarya na yi. Guda ɗaya ban samu ba."

Na ji kunnuwana sun toshe.

"Wata mata ce, matafiya. Motarsu ta tsaya shan mai, ta sauko da goyo a bayanta ta sayi leda ɗaya ta koma. Ban san ta ba, ban san inda motar ta nufa ba. Na ga in na faɗa miki a lokacin, za ki zube a shagona, ba za ki kai Boko ba."

Na tambaye ta kalar motar, ta ce ta manta. Na tambaye ta ko matar ta yi kama da 'yar birni ko 'yar ƙauye, ta ce mayafi ruwan toka kawai take tunawa, da ƙafar jaririn da ke leƙowa. Muka zauna a cikin kayan nan mu biyu, tsofaffi, ba mai abin cewa. Wataƙila ta ji warin ta zubar. Wataƙila ledar ta fashe a hanya. Wataƙila ta dafa. Na yi tambaya a tasha wurin tsofaffin direbobi, ba wanda ya taɓa jin komai, kuma rashin jin ba ya nufin komai, don wa zai haɗa rasuwa a wani gari da ledar da aka saya a bakin hanya?

Ban yi fushi da Maman Ebuka ba, gaskiyarta ce, da ban kai Boko ba. Amma tun daga ranar, duk sallar da na yi sai na sa matar nan da goyonta a addu'a, ban san ko ta masu rai nake yi musu ba ko ta mamata. In na rigaye ku, ku ci gaba da yi mini ita.